Tsakanin Allo da Gadon Majinyaci: Sharhi a kan Darasin Halayyar Ɗan'adam a Makarantun Kiwon Lafiya

A cikin darussan da ake ɗora wa ɗalibin aikin jinya, da ɗalibar ungozoma, da mai koyon aikin lafiyar al'umma tun farkon shigarsu makaranta, akwai guda ɗaya da ba a cika ɗaukarsa da nauyi ba, watau ilmin halayyar ɗan'adam, wanda ɗalibai suka fi sani da sunansa na aro, saikoloji. Zamansa a jadawalin karatu kamar zaman agola ne a gidan mijin uwa: ana ba shi tuwo, amma ba a lissafa shi a rabon gado. Ɗalibi ya san in ya faɗi a darasin sassan jiki ko na magunguna ya shiga uku, amma wannan kuwa haddar dare biyu ta ishe shi. Manufar wannan sharhi ita ce a duba abin da ake koyarwa da sunan wannan fanni da irin littattafan da ake ɗebo shi daga ciki, a kuma nuna inda babban cikas ɗinsa yake. A ganina cikas ɗin shi ne ana koyar da darasin da wani harshe, ana kuma aiki da shi da wani harshen dabam, kuma har yanzu ba a sami wanda ya ɗauki nauyin gina kadarko a tsakani ba.

Wanda ya buɗe takardun darasi da malamai kan buga wa ɗalibai a irin waɗannan makarantu zai tarar da jerin sunaye iri ɗaya, bisa tsari iri ɗaya, kamar da hatimi guda aka buga su. Za a fara da Wilhelm Wundt da ɗakin gwajin da ya kafa a birnin Leipzig na Jamus a 1879. Daga nan sai Pavlov da karnukansa masu dalalar da miyau, sai Freud da rabon da ya yi wa ran mutum gida uku, sai Piaget da matakai huɗu na girman hankalin yaro, sai Erikson da nasa matakai takwas tun daga goyo har tsufa, sannan a rufe da dalar Maslow. Wannan tsari ba a nan aka haife shi ba. Jika ne na littattafan share fage da aka rubuta wa ɗaliban shekarar farko a jami'o'in Amurka, irin na Ernest Hilgard wanda ya fara fitowa a 1953 aka yi ta sake buga shi shekaru da dama. Ɗalibin da aka rubuta wa wancan littafi mai neman ilmi ne na gaba ɗaya, ba a sa ran gobe zai tsaya a kan mace mai naƙuda ko tsoho mai shanyewar ɓarin jiki. Da aka zo yi wa ma'aikatan lafiya nasu, sai aka ɗauki wannan tsarin aka rage masa tsoka, aka liƙa wa ƙarshen kowane babi 'yan layuka a kan amfaninsa a asibiti. Takardar malaminmu kuma ta zo ta tace abin da aka riga aka tace, har ya zama saura ƙashi: suna, shekara, matakai.

Tambaya ta farko da ya kamata mai karatu ya yi ita ce, halayyar wane ɗan'adam ke nan? A 2008 wani masani mai suna Jeffrey Arnett ya bi manyan mujallun wannan fanni ya ƙididdige mutanen da aka yi bincike a kansu, ya tarar kashi 96 cikin ɗari daga ƙasashen Yamma masu arzikin masana'antu suke, kashi 68 kuwa daga Amurka kaɗai. A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa biyu suka ƙara da cewa waɗannan ƙasashe kashi 12 cikin ɗari ne kawai na mutanen duniya, kuma a gwaje-gwaje da yawa su ne bare a cikin 'yan'adam, ba su ne ma'auni ba. Daɗin daɗawa, wani ɓangare na abin da takardunmu ke jerawa a matsayin tabbas masu fannin da kansu sun fara ja da baya a kansa. A 2015 gungun masu bincike suka sake gudanar da gwaje-gwaje 100 da aka taɓa bugawa, sai kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka ba da sakamako irin na farko. Gwajin kurkuku na Jami'ar Stanford na 1971, wanda malamai ke jin daɗin ba da labarinsa, ya sha suka mai tsanani bayan da aka tono takardunsa aka ga an zuga masu gadin ne su yi tsanani. Ita ma dalar nan da ake zanawa a allo kamar dalar gyaɗa ta Kano ta da, ba Maslow ne ya zana ta ba. Maƙalarsa ta 1943 ba ta da zane, kuma a cikinta shi da kansa ya yarda cewa jerin buƙatun ba lallai ne ya bi tsari ɗaya ga kowa ba. Duk wanda ya taɓa ganin magidanci ya sa hannu a sallame shi daga asibiti jiki bai warware ba, don kada a ɗaura auren 'yarsa ba ya nan, ya san cewa a wurinmu mutunci yakan riga lafiya a layi.

Waɗannan duka ana iya gyara su da sabon bugu na littafi. Abin da sabon bugu ba zai gyara ba shi ne batun harshe, kuma a nan nake so in daɗe.

Ɗalibar ungozoma a Kano ko Sakkwato da Ingilishi take karanta darasin, takwararta ta Maraɗi ko Damagaram kuma da Faransanci. Amma matar da za su tarar a kan gado, galibi da Hausa za ta yi musu kukanta. Shi kuwa wannan fanni ya bambanta da sauran darussan asibiti ta fuska guda: ƙashi ƙashi ne ko da wane harshe aka kira shi, ana iya ɗaukar hotonsa a nuna, amma abin da ke cikin ran mutum ba shi da hoto, sai ta bakin mai shi ake saninsa. Kalmomin mara lafiya su ne ma'aunin zafin jiki na wannan fanni. Ma'aikacin da bai iya karanta su ba kamar wanda aka miƙa wa ma'auni ne ba a koya masa lambobin jikinsa ba.

A ɗauki yadda Bahaushe ya rarraba abin da littafin Turanci ya dunƙule a cikin kalma ɗaya ko biyu. Akwai hankali, wanda yaro kan yi shi in ya girma, wanda kan tashi, ya kwanta, ya rabu biyu, ya gushe, a kuma taɓa shi. Akwai zuciya, wadda kan karaya, ta mutu, ta yi sanyi, ta tafasa, ta kuma raya wa mutum abu. Akwai rai, mai ɓaci da daɗi, da ciki, mai fari da baƙi, da gaba, mai faɗuwa. Akwai kuma kurwa, wadda a wurin mutane da yawa har yau maye kan iya kamawa. Mai karatu zai lura cewa rabin waɗannan sunayen gaɓoɓin jiki ne. Saboda haka idan mace ta ce da nas, «Zuciyata ke ciwo,» ko «Gabana ke yawan faɗuwa,» tana iya nufin tsokar da ke bugawa a ƙirjinta, tana kuma iya nufin kishiyar da aka yi mata wata uku da suka wuce, ko ɗanta da ya tafi ci-rani ba labari. Sau da yawa ma duka biyun take nufi, domin ita ba ta raba su ba. Ɗalibin da aka koya wa cewa jiki dabam, tunani dabam, kowanne da babinsa da malaminsa, zai auna hawan jininta ya tarar lafiya lau, ya rubuta mata maganin ƙarin jini da na ciwon jiki, ta tafi, ta dawo bayan mako biyu da kuka iri ɗaya. Littafin yana da suna ga wannan hali, yana kiransa mayar da damuwa ciwon jiki, yana kuma nuna shi kamar wata naƙasa ce ta mutanen da ba su iya bayyana abin da ke ransu ba. Ni kuwa ina ganin matar ta bayyana shi sarai, da Hausa mai kyau. Mai sauraron ne ba a horar da kunnensa ba.

Haka nan batun tsoro. Takardar darasi kalma biyu take da su, ɗaya ta tsoron abin da ake gani, ɗaya ta tsoron abin da bai zo ba. Bahaushe yana da tsoro, da fargaba, da zullumi, da firgita, da razana, da ɗimuwa, da waswasi, da ɗar-ɗar, kuma kowanne da mazauninsa. Mai jiran sakamakon gwajin jini zullumi yake yi. Wanda ya tsira daga harin 'yan bindiga yake zabura cikin dare in an buga ƙofa, firgita yake yi. Wanda ke sake alwala sau bakwai yana shakkar ko ta yi, waswasi ke damunsa, kuma wannan kalma ta fi kusa da ainihin cutar da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani fiye da duk wata doguwar fassara da za a ƙirƙiro. Wannan dukiya tana nan zube, ƙamusun Bargery na 1934 ya tattara da yawa daga cikinta, kuma kowane ɗalibi da ya tashi a gidan Hausa ya zo makaranta da ita a bakinsa. Darasin ne ke koya masa ya ajiye ta a bakin ƙofar aji kamar takalmi.

Wani abin da ya fi wannan wuya shi ne abin da mara lafiya ba ya faɗa. Kowa ya san amsar «Yaya jiki?» ita ce «Da sauƙi,» ko da mai amsawar bai kai gobe ba. Wannan gaisuwa ce da fata nagari, ba rahoton asibiti ba ne, kuma wanda ya rubuta a takarda cewa majinyaci ya ce ya sami sauƙi ya rubuta ƙarya ba da niyya ba. Tambayar gaskiya takan zo ne a zagaye na biyu ko na uku, bayan an zauna, an rage murya, an sallami 'yan dubiya. A laccarsa da aka buga a 1974 mai suna Mutumin Kirki, Anthony Kirk-Greene ya jera halaye goma da Bahaushe ke auna nagartar mutum da su, a cikinsu akwai haƙuri da kunya da hankali da mutunci. Duk huɗun nan suna hana mutum yin raki a gaban baƙo. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, gaskiya ne, amma al'adar da ta yi wannan karin magana ita ce kuma ta koya wa fuska kawaici. Likita L. Lewis Wall, wanda ya yi bincike a karkarar ƙasar Katsina, ya nuna a wata maƙala ta 1998 yadda kunya kan sa mai cikin fari ta ɓoye naƙuda, ta daure ba ta yi ƙara ba, har lokaci ya ƙure. Ungozomar da ke jiran ihu kafin ta san abu ya yi tsanani za ta makara. Babu wani babi a kan motsin rai da zai amfane ta kamar sanin wannan abu guda.

Mu koma kan matakan nan biyar na Elisabeth Kübler-Ross, domin su ne ɗalibai suka fi riƙewa, kuma su ne suka fi shiga aiki kai tsaye. A littafinta na 1969, bayan hirar da ta yi da masu ciwon ajali a birnin Chicago, ta ce mutum kan bi ta musu, da fushi, da neman sassauci, da baƙin ciki, kafin ya kai ga sallamawa. Bincike daga baya bai tabbatar da cewa mutane na bin su a jere ba, amma a takardunmu sun zama kamar tashoshin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Ikko. To, ga dattijo an sanar da shi cutar daji ta ci jikinsa, kalmarsa ta farko ita ce, «Allah ya sa kaffara ce.» Ɗalibi ɗaya zai ce ya tsallake matakai huɗu ya kai na biyar, ba ya buƙatar kowa. Wani zai ce ai yana mataki na farko ne, musu yake yi da sunan addini. Dukansu sun ɓata. Dangana a wurin wannan dattijo aiki ce da yake yi, yana sabunta ta kullum, wata rana ta riƙe shi wata rana ta suɓuce masa, kuma tana iya zama tare da rashin barci da tunanin wa zai riƙe marayu. Bayan haka ma, a gidaje da yawa ba shi za a fara gaya wa ba. Babban ɗa ko ƙanensa ake ja gefe, su kuma su shawarta yadda za a yi, abin da ke jefa ma'aikaci tsakanin haƙƙin mara lafiya na sanin halin da yake ciki da kuma hukuncin dangi. Wannan matsala ce ta gaske wadda ɗalibi zai ci karo da ita tun makon farko na aikinsa, amma darasin bai tanadar masa ko zama ɗaya a kanta ba.

Abin lura shi ne manyan kundayen cututtuka na zamani sun fi takardunmu sanin ya kamata. Kundin Hukumar Lafiya ta Duniya na goma sha ɗaya, wanda ya fara aiki a 2022, ya ce ana iya ɗaukar jimamin mutuwa a matsayin cuta in ya zarce wata shida, na likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka kuma ya ce wata goma sha biyu, amma dukansu sun gindaya sharaɗin cewa sai ya wuce abin da al'ada da addinin mutumin suka saba. Ashe ke nan wanda bai san zaman makoki da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in ba, bai san takaba wata huɗu da kwana goma ce ba, bai san abin da ake sa ran gani daga mai takaba da abin da ba a sa ran gani ba, ba zai iya aiki da kundin Turawan ba ma.

Misali na ƙarshe daga babin renon yara. Ana koya wa ɗalibai ra'ayin John Bowlby da Mary Ainsworth cewa shaƙuwar jariri da mai renonsa ita ce harsashin lafiyar hankalinsa, kuma alamunta su ne kallon ido da ido, da wasa, da yi wa jariri magana. Sai ɗaliba ta je ɗakin haihuwa ta ga yarinya mai haihuwar fari ta kawar da kai daga jaririnta a gaban surukai, ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa sai an miƙa mata. In ta bi takarda sai ta rubuta cewa uwa ta ƙi ɗanta. Alhali kunyar ɗan fari ce, wadda Baba ta Karo ta ba da labarinta dalla-dalla a littafin da Mary Smith ta fitar a 1954. Abin takaici shi ne amsar tana cikin fannin kansa. Ainsworth da kanta ta yi bincike a Afirka, a ƙauyukan da ke kusa da Kampala a Uganda, tsakanin 1954 da 1955. A 1977 kuma Robert Marvin da Robert LeVine da abokan aikinsu suka buga binciken da suka yi a kan jarirai 18 a ƙasar Hausa, inda suka tarar kowane jariri ya shaƙu da masu reno fiye da ɗaya, yana kuma da wadda ya fi komawa gare ta in ya tsorata, wadda ba lallai ne ta zama mahaifiyarsa ba. Binciken ƙarami ne, amma a kan 'ya'yanmu aka yi shi, kuma da wuya a ga ambatonsa a takardar darasi. Haɗarin kuma kaifi biyu gare shi. Wadda ba ta san kunya ba za ta ga cuta inda babu. Wadda ta jingina komai ga kunya kuwa za ta rasa gane mai jegon da baƙin cikin bayan haihuwa ya danne da gaske, wadda ba ta ci, ba ta barci, tana kuka in ta keɓe. Bambance waɗannan biyun shi ne aikin, kuma sai wanda ya san duka biyun zai iya.

Kada mai karatu ya ɗauka ina kira ne a watsar da fannin a koma ga abin da kaka ta ce. Akwai abubuwa a cikinsa da suka tabbata ko'ina, in da za a koyar da su ta ƙofar asibiti. Karnukan Pavlov su ne bayanin yaron da ke tsala ihu da ya hango farar riga tun ba a fito da allura ba, da mai cutar daji da zuciyarsa ke tashi tun yana bakin ƙofar ɗakin ƙarin ruwa. Babin tunawa da mantuwa shi ne dalilin da ya sa bai kamata a jero wa tsohuwa umarni takwas a tsaye ba, sai a faɗi mafi muhimmanci da farko, a kuma ce ta maimaita. Haka kuma akwai inda fahimtar gargajiya ke kashe mutane. Yaron da zazzaɓi ya hau kansa yake sambatu yana iya zama mai sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma kowace sa'a da aka ɓata wajen turare da kiran sunayen iskoki daga ransa ake cire ta. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba a ɗaukarta ta miyau, tana kuma jin magani. Ba a manta ba kuma da abin da aka gani a unguwar Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, inda 'yan sanda suka fito da mutane wajen 300 daga wani gida da ake kira na gyaran hali, wasu da mari a ƙafa. Ma'aikacin lafiya dole ya iya cewa a'a. Sai dai a'ar da za a ji ita ce wadda aka faɗa da harshen mai sauraro, ta bakin wanda bai fara da dariya ba lokacin da aka ambaci sammu ko kurciya.

Akwai kuma wani tarko da nake tsoron masu gyara za su faɗa, watau su ƙara babi guda mai suna al'adun Hausawa, su jera bori da maita da sammu da kambun baka a lambobi, ɗalibi ya haddace su kamar yadda ya haddace matakan Erikson. Murray Last, wanda ya zauna a karkarar Malumfashi, ya yi gargaɗi a kan wannan tun 1981. Ya nuna cewa mutane da yawa ba su da wani tsararren ra'ayi a kan musabbabin ciwonsu, ba su kuma damu su sani ba, abin da suke nema shi ne abin da zai yi aiki, shi ya sa mutum ɗaya kan sha rubutu da safe, ya karɓi allura da rana, ya yi turare da dare ba tare da ya ga wani saɓani ba. Saboda haka ba a sanin abin da majinyaci ya ɗauka game da ciwonsa daga ƙabilarsa. Sai an tambaye shi: me yake kiran ciwon, me yake ganin ya jawo shi, ina da ina aka je kafin a zo nan, wa ke yanke shawara a gidan. Tambaya ta ƙarshen nan takan fi sauran amfani. Banza ne a yi wa mai jego mai hawan jini huɗuba a kan rage kunun kanwa alhali uwar mijinta ce ke dama shi, ita kuwa tana zaune a waje ba wanda ya kira ta.

Ba a rasa magabata a wannan hanya ba, sunayensu ne ba sa hawa allo. Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abekuta a 1954, inda masu taɓin hankali ke sauka a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana, ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A Zimbabuwe Dixon Chibanda ya horar da dattawan mata su zauna a benci a harabar asibiti su saurari masu damuwa, ya gina aikin a kan kalmar Shona mai ma'anar yawan tunani, kuma gwajin da aka buga a 2016 ya nuna an sami sauƙi na gaske. Mu ma muna cewa tunani ya yi wa wane yawa. A 2020 Oye Gureje da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi a Ibadan da Kumasi, inda haɗa hannun ma'aikatan ƙananan asibitoci da masu maganin gargajiya da na addini ya kyautata halin marasa lafiya. Tun kafin waɗannan duka, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi a kan gyaran jiki da rai tare, ya kuma bambanta baƙin cikin da aka san sanadinsa da wanda kan sauko wa mutum ba dalili. Ɗalibin da ya yi karatun allo ba zai ji wannan suna baƙo a kunnensa kamar na Wundt ba.

Lokaci ya ƙure wa sakaci a wannan batu. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma ɗaya daga cikin manufofinta ita ce a sauko da wannan aiki zuwa ƙananan asibitoci. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware da Maiduguri da Dawanau ba za su iya ɗaukar jama'ar Arewa ba. Wanda zai fara ganin mai damuwa, wataƙila ma shi kaɗai zai gan shi, shi ne wannan ɗalibi da ya ci darasin da haddar dare biyu.

Wani kaso na laifin namu ne, mu masu nazarin harshe. Har yau ba a daidaita kalmar Hausa ga cutar nan da ke danne mutum makonni, ta hana shi ci da barci da sha'awar komai ba. Gidajen rediyo suna cewa ciwon damuwa, wasu tsananin damuwa, wasu ƙuncin rai, alhali damuwa kalma ce da ake faɗa ko don an rasa motar haya. Ita kuma hauka ta haɗiye komai, tana kuma korar mutane daga asibiti, domin ba uban da zai so a ce an kai 'yarsa wurin likitan mahaukata tana da manemi. Wannan aiki ba na zama a ofis a ƙaga kalmomi ba ne. Sai an je ɗakunan jinya, da izinin marasa lafiya, an rubuta yadda suke faɗin abin da ke damunsu da bakinsu, a Kananci da Sakkwatanci da Katsinanci da Hausar Damagaram, sannan likita da masanin harshe su zauna su ga wace magana ce ke tafiya da wace cuta. Abin da ya fito shi ne zai zama rabin littafin darasin. Jarrabawar kuma, maimakon a ce ɗalibi ya lissafa matakai takwas na Erikson, sai a zaunar da shi gaban wata dattijuwa da aka shirya, ta ce masa kanta ke mata nauyi, jikinta duk a mace yake, barci kuma sai ɓarawo, a ba shi minti goma, a ga ko zai gano cewa watan jiya aka kai gawar autanta.